Sake Dasa Ƙarfen Gaɓa ga Wanda Ya Warke daga Sankarar Ƙashi

An shirya wannan takarda domin hakimai da magatakardansu, gama su ne talakawa kan kai wa kuka idan al'amari ya fi ƙarfin gida. Akan sami mutumin da aka yi wa aikin sankarar ƙashi, a ƙasar nan ko a Indiya ko Masar, aka cire masa ƙashin da ya ɓaci, aka sa ƙarfe a gurbinsa. Danginsa sukan ɗauka magana ta ƙare ke nan. Amma ƙarfen nan yana da nasa kwanaki, in kuwa ya gaza aka yi sakaci, ƙafar da aka sha wahalar ceto ita za a rasa.

1. Asalin al'amarin

Sankarar ƙashi wadda likitoci ke kira ostiyosakoma ta fi kama yara da samari masu shekara 10 zuwa 20, lokacin da ƙashi ke saurin tsawo. Ta fi tsirowa kusa da gwiwa, watau ƙarshen ƙashin cinya ko kan ƙashin ƙwauri, sa'an nan ƙashin damtse wajen kafaɗa. Kafin shekarun 1970 maganinta shi ne yanke gaɓar, duk da haka cikin mutum biyar da ƙyar ɗaya ke tsira, domin cutar ta riga ta isa huhu a ɓoye. Da aka sami magunguna masu ƙarfi da ake ɗurawa ta jijiya, sai ya zama cikin goma, shida ko bakwai suna wuce shekara biyar da rai, muddin ba a tarar cutar ta bazu ba.

Dabarar sa ƙarfe kuwa ta girmi magungunan nan. A 1940 likitoci biyu a Amurka, Austin Moore da Harold Bohlman, suka sa wa wani mutum ƙarfe a gurbin saman ƙashin cinyarsa wanda ƙari ya cinye. A Ingila, a asibitin ƙashi na Stanmore kusa da Landan, John Scales da abokan aikinsa suka fara ƙera wa kowane majiyyaci nasa tun daga 1949, kuma a 1976 suka fito da irin wanda ake ƙara wa tsawo domin yara. Tun da yake yanzu majiyyatan suna daɗewa a duniya, yaron da aka sa wa ƙarfe yana ɗan shekara 15 zai bukaci ƙafar nan har tsufansa, ga shi kuwa ba safai ƙarfe ɗaya ke kai haka ba tare da gyara ba.

2. Hanyoyin da ƙarfe ke gazawa

A 2011 likita Eric Henderson da abokansa suka duba labarin majiyyata 2,174 daga manyan asibitoci biyar, suka tarar da gazawa 534, watau wajen ɗaya cikin huɗu. Suka kasa dalilan gida biyar.

Na farko, naman da ke kewaye da ƙarfen ya kasa riƙe shi: jijiya ta tsinke, ko gaɓa ta riƙa gocewa, ko ɗinki ya ƙi haɗewa.

Na biyu, ƙarfen ya yi sako-sako. An kafa sandarsa ne cikin ramin ɓargo, da simintin ƙashi ko ba da shi ba. Robar da ke tsakanin ƙarafan gwiwa tana cinyewa a hankali, garinta kuma yakan sa jiki ya zaizaye ƙashin da ke riƙe da sandar. Alamarsa ita ce ciwo idan an taka, wanda ke lafawa idan an zauna.

Na uku, karaya: ko sandar ta karye, ko mahaɗin gwiwa ya lalace, ko ƙashin da ke kusa da ƙarfen ya tsage.

Na huɗu, ƙwayoyin cuta su shiga. Cikin binciken nan wannan ya fi kowanne yawa, kuma kimanin mutum ɗaya cikin goma da aka sa wa irin wannan babban ƙarfe yakan gamu da shi. Ƙwayoyin sukan manne a jikin ƙarfe su lulluɓe kansu da wani yauƙi wanda magani ba ya ratsawa sosai. Shi ya sa shan ƙwaya ko allura kaɗai kan kwantar da ciwon na ɗan lokaci, sa'an nan ya taso.

Na biyar, sankarar ta komo wurin da aka cire ta.

Ga yara akwai ƙarin matsala, domin yawancin tsawon ƙafa daga wajen gwiwa yake fitowa. In an cire wurin, lafiyayyar ƙafa sai ta tsere wa ɗayar. Akwai ƙarfen da ake miƙawa daga waje da maganaɗisu ba tare da yanka ba, amma sau da yawa idan yaro ya gama girma akan sake masa irin na manya.

3. Yadda ake sakewa

Likita yakan fara da hoton ƙashi da awon jini, ya zuƙo ruwan gaɓar a kai ɗakin awo, ya kuma ɗauki hoton ƙirji don ya tabbata sankara ba ta komo ba. Ba ya taɓa wuƙa sai ya san wanne ne cikin biyar ɗin nan.

Idan roba ce ta cinye ko mahaɗi ya lalace, akan sake abin da ya ɓaci kaɗai, gama ƙarafan zamani guntu-guntu ake harhaɗa su. Idan sanda ce ta yi sako-sako, sai a zare ta, a kankare tsohon siminti, a kafa wadda ta fi ta tsawo ko kauri. Kowane sakewa yana cin wani abu na ƙashin mutum, har wani lokaci akan maye ƙashin cinya duka da ƙarfe, daga ƙugu zuwa gwiwa.

Na ƙwayoyin cuta shi ne mafi wuya. In an farga cikin makonnin farko, akan buɗe a wanke, a sake guntayen da ke cirewa. In ya daɗe, akan yi aiki biyu. A na farko a cire ƙarfen duka, a yanke ruɓaɓɓen nama, a cike gurbin da siminti mai haɗe da magani. Sa'an nan majiyyaci ya karɓi magani wajen mako shida ko fiye, yana tafiya da sanda. Sai awo ya nuna wurin ya tsarkaka za a sa sabon ƙarfe, wani lokaci mai rufin azurfa, domin azurfa tana hana ƙwayoyin cuta zama. Inda fata ta yi ƙaranci a gwiwa, akan juyo da tsokar sha-raɓa a rufe ƙarfen da ita. Idan duk wannan bai ci ba, ko sankara ta komo ta kama manyan jijiyoyi, yanke gaɓar shi ne ceton rai, kuma da ƙafar roba mutum yana iya ci gaba da sana'arsa.

4. Abin da ake bukata daga hakimi da magatakarda

Ya kamata hakimi ya sanar da dagatai da masu unguwa alamun da ba a kwana da su: sabon ciwo wajen takawa, kumburi da zafi, zazzaɓi, gyambo mai tsiyayar mugunya a kan tabon aiki, ƙara ko girgiɗi a gaɓar, gajartar ƙafa, ko sabon ƙullutu. Mai ɗaya daga cikinsu a gaggauta kai shi wurin likitan ƙashi, kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959, ko asibitin koyarwa mafi kusa.

Lalle a ja kunnen maɗora da wanzamai. Gaɓar da ke da ƙarfe ba a ja ta, ba a ɗaure ta da karare, ba a yi mata tsaga ko ƙaho ko sakiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Magatakarda kuwa ya taimaki iyalin su adana takardun aikin farko: sunan asibitin, ranar aikin, kamfanin da ya ƙera ƙarfen da lambarsa, da magungunan sankara da aka ba shi. Guntun wani kamfani ba ya shiga na wani, kuma cikin magungunan nan akwai mai raunana zuciya, akwai mai taɓa ƙoda, dole likita ya sani kafin ya sa mutum barci.

Daga ƙarshe, aikin yana da tsada, jinyarsa kuma takan ɗauki watanni. Hakimin da ya tara dangi da masu hali tun da wuri, ya ga an samu kuɗin mota da mai jinya, ya taimaka ƙwarai wajen barin talakansa a kan ƙafafunsa.