Kafin Ku Sayi Murhun Maganaɗisu Mai Oben Ɗin Tururi

Bara, ana saura kwana uku Babbar Salla, yayata ta kira ni in zo in ga sabuwar kukar da maigidanta ya sa aka kawo mata daga waje. Abu ya yi kyau, ba ƙarya: baƙin gilashi sumul a sama, babu kan gas ko ɗaya, ga oben biyu a ƙasa. Ta ɗauko tukunyar dalmarta ta tuwo, wadda Inna ta saka mata a kayan ɗaki, ta aza, ta danna. Murhu ya yi ta ƙyafta wata alama, ruwa kuwa ko ɗumi bai yi ba. Da aka canjo wata tukunyar silba mai kaurin gindi, kafin ta gama wanke shinkafa ruwa ya tafasa. Murna ta sa ta kunna kai uku ta haɗa da oben, sai wutar gidan ta ɗauke ɗif. Na ce, "Yaya, wa ya duba muku wayarin kafin a kawo?" Ta ce babu kowa. Naman Sallar nan a tsohuwar kukar gas aka soya shi.

Murhun ba shi da laifi. A ƙarƙashin gilashin akwai naɗin wayar tagulla. In lantarki ya ratsa ta, sai ta haifar da ƙarfin maganaɗisu mai juyawa sau dubbai a daƙiƙa guda, shi kuma ya sa gindin tukunya ya yi zafi da kansa. Hikimar ta samo asali ne daga abin da Michael Faraday ya gano a Ingila a 1831. Da yake tukunyar ce ke haifar da zafin, kusan kashi 85 cikin 100 na wutar yana shiga girki, alhali na gas kusan kashi ɗaya bisa uku ne, sauran ya bi iska ya dafa mai girkin. Duk wadda ta taɓa suya a kicin a watan Afirilu ta san abin da nake nufi. Ina son wannan murhu ƙwarai, shi ya sa ba na son a zuba miliyoyi a ƙare da na-sani.

1. Ku fara da wayar gidanku. Kafin ku taka ƙafa kanti, ku kira ƙwararren mai aikin wuta. Murhu mai kai huɗu irin na Turai yana jan kusan kilowat 7.4 in an ƙure shi, wato amfiya 32 a wutar bolt 230. Mai kai biyar yakan kai kilowat 11, oben kuma ya ƙara 3 ko fiye. Babbar kuka da ta haɗa komai tana iya wuce kilowat 14. Soket ɗin bango mai amfiya 13 iyakarsa kilowat 3. Don haka murhun yana son layinsa na kansa tun daga akwatin rarraba wuta, da birekarsa, da waya mai kauri, galibi murabba'in milimita 6 ko 10 gwargwadon nauyin da nisan, da wayar ƙasa mai aiki da gaske. A duba fuskar mita a ga amfiya nawa take ɗauka, a lissafa da na'urorin sanyaya ɗaki da hita da famfon tura ruwa sama. In gidan yana da layi uku, a raba nauyin a kansu, yawancin na Turai an yi su da wannan damar.

Ku tambayi mai kanti ko murhun yana da wurin ƙayyade yawan wutar da zai ja. Masu kyau suna bari a ɗaure su a kilowat 3 ko 4 da ɗoriya, yadda ko an kunna kai huɗu za su raba wutar tsakaninsu maimakon su kayar da bireka. Wannan kaɗai da ya ceci Sallar yayata.

2. Kada ku yi odar na Amurka zuwa gida. Wutar Nijeriya da Nijar da Gana bolt 220 zuwa 230 ce, mai bugu 50 a daƙiƙa, irin ta Turai. Kukar Amurka an ƙera ta ne don tsarin bolt 120 da 240 mai bugu 60, kuma garantinta ba ya ƙetare teku. 'Yan'uwanmu da ke zaune can kuwa, su tabbata akwai layin bolt 240 mai amfiya 40 ko 50 a bayan kuka, domin gidajen da aka gina da gas sau da yawa ba su da shi. Awon ma daban ne: can inci 30, 36 ko 48, na Turai kuwa santimita 60, 90, 100 ko 110. A auna gurbin kicin, a auna ƙofar da za a shigo da ita.

3. Ku yi lissafin ranar da babu wuta. A Nijeriya, ko masu amfani da lantarki da ke rukunin A, da aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, sun ga yadda hukumar kula da lantarki, NERC, ta kai kuɗin yunit ɗaya naira 225 a watan Afirilun 2024. Kai ɗaya da ke jan kilowat 2 na tsawon awa guda ya ci yunit biyu ke nan. Ku ɗauki awannin girkinku na wata ku kwatanta da tukunyar gas nawa kuke sha. Inbata ta gida mai kilowat 5 za ta iya da kai ɗaya ko biyu, musamman da tsakar rana in akwai sola, amma ba za ta ɗauki kai huɗu da oben ba. Sannan abin da ya fi kashe waɗannan murahu shi ne wuta mai hawa da sauka, domin cikinsu allon lantarki ne kamar na kwamfuta. A saka na'urar kariya da ke yanke wuta in ta yi yawa ko ta yi kaɗan, a kuma ɗaura ta kare tsawa a akwatin rarraba wuta. Ni dai shawarata, kada a kyautar da kukar gas. A bar ko da mai kai biyu ce a gefe.

4. Ku je kanti da maganaɗisu a aljihu. Ko ɗan ƙaramin da ake maƙalawa a jikin firji ya isa. Tun a gida ku bi tukwanenku ɗaya bayan ɗaya: wadda ya kama gindinta gam za ta yi aiki, wadda ya zame ba za ta yi ba. Tukunyar dalma da ta alminiyam da ta tagulla da ta ƙasa duk sun fita. Baƙin ƙarfe yana yi, haka tukwanen ƙarfe masu fenti. Silba kuwa kashi biyu ce, wata tana kamawa wata ba ta kamawa, sai an gwada. Gindin kuma ya zama shafaffe, domin tukunya mai ƙusumbi ko kasko mai zagayen gindi ba sa zama daidai a gilashi.

Nan ne maganar ta shafi girkinmu kai tsaye. Tandar waina, mai ramuka da suka ɓullo ta ƙasa, ba ta samun zafi daidai ko da ta ƙarfe ce. Babbaka ƙafar sa ko ƙona tattasai a harshen wuta ma babu hali. Ana sayar da faifan ƙarfe da ake shimfiɗawa tsakanin gilashi da tukunyar alminiyam, yana ɗan taimakawa, sai dai yana kashe saurin da aka sayi murhun dominsa. Kuɗin sababbin tukwane ya shiga cikin lissafi tun farko.

5. Zanen da'ira a gilashi ba shi ne girman wuta ba. Wani murhun za a zana masa da'ira mai faɗi, amma naɗin tagullar da ke ƙasa ƙarami ne, sai tsakiyar tukunya ya ƙone gefe bai dahu ba. Gani ya kori ji: ku sa a aza faffaɗar tukunya da ruwa kaɗan, ku kalli inda kumfar tafasa ke tasowa. Wannan zoben shi ne ainihin wutar. Gidan da ake tuƙa tuwon mutum goma sha biyar yana bukatar aƙalla kai ɗaya mai faɗin santimita 28, ko kai biyu da ake haɗewa su zama ɗaya.

Bayan nan ku rage wutar zuwa can ƙasa ku saurara. Masu araha suna kamawa su saki, miya ta tafaso ta kwanta, ta sake tafasowa. Mai kyau yana riƙe ƙaramar wuta ba yankewa, yadda tuwo zai sulala ba tare da ƙanzo ya ƙone ba, madara ma ba za ta kama ba. A wurina wannan ya fi saurin tafasa ruwa muhimmanci, domin kusan kowanne yana da sauri. Ku sani kuma maɓallin ƙarin ƙarfi, wanda ke kai kai ɗaya kusan kilowat 3.7, aro yake yi daga maƙwabcinsa, kuma na 'yan mintoci ne.

6. Abin murɗawa ya fi maɓallin shafa ga mai yawan girki. Hannu da danshi ko maiƙo, maɓallin ya ƙi ji, miya ta zubo a kansa murhu ya kashe kansa. In dattijuwa ce ko 'yar aiki za ta riƙa girkin, abin murɗawa ya fi sauƙin koyo.

7. "Mai tururi" suna ne da ake laƙaba wa abubuwa daban-daban, kuma a nan aka fi yi wa masu saye rufa-ido. Akwai wanda tururi zalla yake yi, iyakarsa digiri 100, madambaci ne na lantarki, ba ya gashi. Akwai oben na yau da kullum da ke fesa ɗan tururi lokaci-lokaci, yana gyara ɓawon burodi ya hana kaza bushewa, amma ba zai dafa alale ba. Akwai wanda tururinsa na wanke datti ne kawai, ba ruwansa da girki. Sai na gaske, wanda ya haɗa iska mai zafi da tururi, kina zaɓar zafi daga digiri 30 zuwa sama da 200, kina kuma zaɓar yawan danshi. Irin wannan a kicin ɗin otal-otal ya fara, kamfanin Rational na Jamus ya fito da shi a 1976, daga baya su Gaggenau da Miele suka shigo da shi gidaje. Tambaya ɗaya ce za ta raba gardama: yana yin tururi zalla a digiri 100, yana kuma yin gashi da tururi a haɗe? A nuna muku a littafinsa.

Na ga amfanin na gasken da idona a kukar yayata, bayan an gyara mata wayarin. Gwangwanin alale ashirin ta jera a faranti biyu, babu karan da ake shimfiɗawa a gindin tukunya, babu fargabar ruwa ya ƙone ko ya shiga ciki, duk suka nuna lokaci guda. Dambun shinkafa ya fito warwas a faranti mai huji-huji. Shinkafar jiya da aka ɗumama ta dawo kamar yanzu aka sauke. Ƙafar rago kuwa ta yi ja a waje, ciki na ɗigar romo.

Sai dai cikinsa ya fi na oben ɗin yau da kullum ƙanƙanta, ku tafi da farantin gashinku mafi girma ku gwada. Da yawansu ba su da wankin ƙuna mai kai wa kusan digiri 500, hannu za a sa a goge bayan kowane girki, a bar ƙofa a buɗe ya bushe. In za a buɗe shi yana aiki a ja da baya, a kori yara, ƙunar tururi ba ta da kyau.

8. Ruwan gidanku fa? Ku leƙa cikin butar lantarkinku. In akwai farin ɓawo a gindi, ruwan rijiyar burtsatsenku mai nauyi ne, kuma haka zai toshe hanyoyin oben. Ana wanke su da magani na musamman, wasu ma suna kulle kansu in lokacin wankin ya yi ba a yi ba, don haka a tabbata ana samun maganin a gari. Mai tanki, wanda ake cika wa ruwa kamar lita guda da hannu, ya fi dacewa da gidan da famfo ke zuwa yana ɗaukewa, ga shi kina zaɓar ruwan da za ki zuba. Mai haɗe da bututu yana son ruwa mai ƙarfi kullum da matata da magudana. A karanta littafin, domin wasu kamfanoni sun hana ruwan da aka tace har ya rasa ma'adinansa.

9. Gilashin yana da ƙarfi amma yana ƙarzuwa. Ƙurar hunturu ko ƙwayar gishiri a ƙarƙashin tukunya, ga muciya na aiki tukunya na gurzawa, nan da nan za a ga zane. A goge gindin tukunya kafin a aza, a ɗaga ta maimakon a ja. Sukari ko alewa in ya zubo a kwashe shi tun da zafinsa, in ya daskare yana cin gilashi. A ƙasa akwai fanka mai sanyaya allon lantarki, kada a toshe mata iska, a kuma yi maganin kyankyasai, suna son ɗumin wurin. Na'urar zuƙe hayaƙi tana nan daram, suya ba ta daina hayaƙi don babu harshen wuta. Wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya ya tuntuɓi likitansa, a Ingila ana ba su shawarar barin tazarar santimita 60.

10. Wa zai gyara? Ku tambayi inda makanikin kamfanin yake, da kwana nawa allon lantarki ko gilashi ke ɗauka kafin ya iso, a rubuta garantin a takarda mai hatimi. Saboda wannan ne na fi karkata ga raba su: murhu daban, oben daban a jikin bango daidai ƙirji. In ɗaya ya lalace ɗayan na aiki, uwargida kuma ba ta durƙusa wa tururi. In har yanzu kuna kokwanto, ku sayi ƙaramin murhun maganaɗisu mai kai ɗaya, mai jan kilowat 2, wanda ke shiga soket ɗin bango. A yi wata guda ana miya da shayi da suya a kansa, ana duba mita duk ƙarshen mako.