Ƙarar Lantarki a Kwamfutocin Wasa: Rabe-rabenta da Tasirinta ga Nazarin Karin Sauti

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi ƙarar da kwamfutocin tafi-da-gidanka na wasa ke fitarwa, ta kuma karkasa ta gida uku bisa mafarinta. Manufar ita ce a nuna wa mai nazarin harshe da adabin baka yadda zai tantance kowane nau'i da kunnensa, da kuma dalilin da ya sa ƙugin wutar gida ya fi sauran barazana ga muryar da ya naɗa.

1.0 Gabatarwa

An ƙera kwamfutar wasa domin aiki mai nauyi, shi ya sa masu tace bidiyo da sauti ke sha'awarta. Sai dai ƙarfin nan yana da cin wuta: cajar irin wannan kwamfuta takan kai wat 180 zuwa 330, alhali ta ofis ba ta cika wuce wat 65 ba. Yawan cin wuta kuwa yana tafe da ƙara. Kalmar “ƙara” ta game komai, amma amsa-kamar Hausa na iya rarrabe abin da kalmar ta cakuɗa, kuma wannan rarrabewa ita ce matakin farko na gyara.

2.0 Rabe-raben Ƙarar

2.1 Hucin Fanka

Wannan ita ce ƙarar da ke fita shuuu, tana ƙaruwa sannu a hankali yayin da kwamfutar ke ɗumama. Mafarinta iska ce. Idan ƙura ta toshe mafitar iskar, kamar yadda ake gani lokacin hunturu, fankar takan ƙara gudu. Share ƙurar da ɗora kwamfutar a kan tebur maimakon katifa sukan rage ta.

2.2 Kukan Koyil

Wannan siririyar ƙara ce mai fita tsiii. Caja na ba kwamfuta wuta kimanin bolt 20, amma na'urorin sarrafa bayanai da hoto suna aiki da kusan bolt 1 ne. Sashen da ke sauke wutar yana ɗauke da ƙananan koyil-koyil, wato waya da aka nannaɗe. Idan wutar da ke ratsa su ta riƙa sauyawa da sauri, sai su yi karkarwa. Kunnen ɗan'adam yana jin girgizar da ke tsakanin haz 20 da 20,000, wato adadin girgiza a daƙiƙa guda, don haka duk karkarwar da ta faɗo cikin wannan tazara za a ji ta. Alamarta ita ce takan sauya nan take da zarar aikin allo ya sauya. A mafi yawan lokuta ba alamar lalacewa ba ce. Ƙayyade yawan hotunan da allo ke nunawa zuwa 60 a daƙiƙa, ko mayar da kwamfutar tsarin tsimin wuta, kan sassauta ta.

2.3 Ƙugin Wutar Gida

Wannan ƙara ce mai kauri, zuuu, wadda ba ta fitowa daga jikin kwamfuta sai ta lasifika, ko kuma a tarar da ita cikin abin da aka naɗa. Takan faru idan aka haɗa na'urori biyu da wayar sauti alhali kowace tana da nata haɗin da wayar ƙasa ta soket daban. Ɗan bambancin wuta da ke tsakanin soket ɗin biyu sai ya bi ta wayar sautin. Wutar Nijeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, saboda haka ƙugin yana fita a haz 50 tare da ninke-ninkensa, wato 100 da 150 zuwa sama.

3.0 Matakan Tantancewa

Da farko a kashe lasifika. Idan ƙarar ta ci gaba, to daga jikin kwamfutar take, sai a saurara ko huci ne ko kuka. Idan ta ɗauke, sai a kunna lasifikar a zare caja, a bar kwamfutar kan batir. Ɓacewar ƙugi a wannan mataki yana nuna cewa ta hanyar wutar gida yake shigowa. Maganinsa shi ne a jona dukkan na'urorin a soket guda, ko a sanya na'urar raba haɗin ƙasa a kan wayar sauti, ko a yi amfani da waya nau'in XLR. Bai halatta a karya ƙafar filogi ta uku ba, domin ita ce ke kare mutum daga jan wuta.

4.0 Tasiri ga Nazarin Karin Sauti

Hausa harshe ne mai karin sauti: “kai” wakilin suna yana da karin sama, “kai” sashen jiki kuwa yana da karin faɗau. Manhajar Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka samar a Jami'ar Amsterdam, tana auna irin wannan bambanci ta bin girgizar tantanin maƙwallato. Muryar namiji baligi galibi tana tsakanin haz 85 da 180 ne, ke nan ninkin 100 da 150 na ƙugin suna zaune a tsakiyarta. Idan ƙugin ya yi ƙarfi, manhajar na iya bin sa a maimakon muryar, ta zana layi miƙaƙƙe inda ya kamata a ga hawa da sauka. Ana iya tace ƙugin daga baya da manhaja irin Audacity, amma tacewar takan tafi da wani ɓangare na muryar.

5.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa huci da kuka sun fi damun kunne, kuma nisanta makirufo daga kwamfuta kan rage shigarsu, ƙugi kuwa bayanan bincike yake gurɓatawa. Tattaunawa da dattijo ko makaɗi ba kullum ake samun damar maimaita ta ba. Don haka ana ba da shawarar a riƙa naɗar murya kan batir, a kuma fara da naɗar shiru na daƙiƙa 10 a saurara kafin mai magana ya buɗe baki.