Bashi Yakan Bi Mutum Har Wurin Aikinsa

'Ya'yana matasan Tirkaniya, ku ba ni aron kunnuwanku. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, saboda haka ba gori zan yi wa wani ba. So nake ku san abin da karayar arziki take yi wa hanyar abincin mutum.

Mu da muka ga zamanin masaƙu muna tuna yadda Kakuri ke cika maƙil da masu kekuna idan an tashi aiki. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957, zamanin Sardauna, ta tsaya a 2002, masaƙar UNTL kuma ta bi bayanta a 2007. A shekarun nan magidanta da yawa a unguwarmu suka karye. Rashin aiki ne ya jefa su cikin bashi, sai bashin ya juyo ya tare musu ƙofar wani aikin. Wanda aka san ana binsa a kowane lungu, wa zai damƙa masa makullin sito? Wa zai tsaya masa a ba shi Keke Napep?

Kada ku ɗauka surutun unguwa ne kawai, doka ma ta san da zancen. Tun 1979 Najeriya ke da dokar karayar arziki, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke yanke hukuncinta. Wanda kotu ta ayyana ya karye, muddin ba ta sallame shi ba, Tsarin Mulkin 1999 ya hana shi takarar majalisa, ko gwamna, ko shugaban ƙasa. Dokar bankuna ta 2020 ta hana banki ɗaukarsa aiki ko ci gaba da riƙe shi. A aikin gwamnati ma, nutsewa cikin bashi har ya kai ga abin kunya yana cikin manyan laifuffukan da ake ladabtar da ma'aikaci a kansu. Dalilin ɗaya ne: ana tsoron matsi ya tura hannunsa cikin amana.

Mu a da, mai bin bashi ƙofar gida yake zuwa ya yi sallama. Ku kuwa yana cikin aljihunku. Lambar BVN ta ɗaure duk asusunka wuri guda, kuma tun watan Agustan 2020 Babban Banki ya ba bankuna dama, idan ka sa hannu lokacin karɓar rance ka kasa biya, su ciri kuɗinsu daga asusunka na wani banki. Sai albashi ya shigo da safe, kafin azahar ya ɓace. Masu rancen waya kuwa, an sha ganin sun aika wa duk lambobin da ke wayar mutum saƙon cin mutunci, har da ubangidansa.

To, ɗana, daidai ruwa daidai tsaki. Kada ka ci bashin da zai haɗiye albashinka saboda biki ko sabuwar waya, kuma kada ka ci wani don toshe wani. In ka ci, a rubuta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Baƙara, a kan haka ta sauka. In abu ya cije, kada ka kashe waya ka canza hanya. Ɗauki dattijo guda ka je wurin mai binka, ku yanka abin da za ka iya biya duk wata. Ubangidanka ma gara ya ji daga bakinka. Kuɗin da aka ba ka riƙo kuwa, ko gobe za a kwashe maka kayan ɗaki, kada ka taɓa.

Na ga waɗanda suka karye suka miƙe, kuma dukkansu da abu guda suka tsira: mutane sun shaida ba su taɓa gudun mai binsu ba. Allah ya rufa mana asiri, ya biya wa kowa bashinsa.