Abubuwan da ke ɓata ciki

Hausawa sun ce: sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Gaskiya ne. Manomin da cikinsa ke murɗa ba ya iya riƙe hauya. Macen da zawo ya kwantar ba ta iya daka. Kwana uku na ciwon ciki tsakiyar damina, sai haki ya cinye gona. To, ɗan'uwa, mu duba abin da ke ɓata ciki, don wasu daga ciki mu da kanmu muke sayen su da kuɗinmu.

Yadda ciki yake aiki

Abincin da ka haɗiye yana sauka cikin tumbi. Daga nan ya wuce ƙaramin hanji, mai tsawon kamar mita 6. Nan jiki yake tsotse amfanin abincin. Abin da ya rage sai ya shiga babban hanji, mai tsawon kamar mita 1 da rabi.

Cikin babban hanji akwai ƙananan ƙwayoyi masu rai. Ido ba ya ganin su, yawansu ya fi gaban ƙirga. Ba duka ne mugaye ba. Mafi yawansu ƴan aikinka ne: suna narka abin da tumbi ya kasa, suna kuma hana ƙwayoyin cuta samun wurin zama. Ka ga yadda madara take zama nono in an ɗiga mata ɗan tsohon nono? Irin waɗannan ƙwayoyi ne suke yin aikin. In ka ciyar da naka, su tsare ka. In ka bar su da yunwa ko ka kashe su, ciki ya rikice.

Na farko: abinci marar ganye

Abincin ƙwayoyin nan shi ne ɗan zare-zaren da ke cikin hatsi da wake da ganye. Gero, dawa, wake, kuka, zogale, rama, yakuwa da kuɓewa duk suna da shi. Amma dubi cimar birni yau: da safe burodi da shayi, da rana farar shinkafa da mai, da dare taliya, a bi da lemun kwalba. Ciki ya cika, hanji bai samu komi ba. Sai bayan gida ya yi tauri, mutum ya yi ta yunƙuri, daga nan basir ya taso.

Hukumar lafiya ta duniya ta ce babba ya ci aƙalla gram 400 na ganye da ƴaƴan itace kowace rana. Wannan ba ya bukatar arziki. Kwaɗon zogale, dambu, miyar kuka, mangwaro ko gwaiba lokacinsu, duk suna nan kusa da kai.

Na biyu: ruwa da hannu

Tabkin da dabbobi ke sha, da rijiyar da ba ta da murfi, suna ɗauke da ƙwayoyin zawo da ƙwan tsutsar ciki. Ruwa yana iya yin garau, cuta tana ciki. A shekarar 2021 amai da zawo ya kama dubban mutane a Nijar, jihohin Maraɗi, Tawa da Damagaram suna cikin waɗanda ya fi taɓawa. Ta ruwa da hannu da abinci yake bi.

Ka tafasa ruwan sha ko ka sa masa ƙwayar tsabtace ruwa. Ka rufe randa, ka rataye moɗa. Da ruwa mai tsabta za a dama fura. Kada mutum biyar su wanke hannu cikin kwano guda: na ƙarshe da dauɗar sauran yake wanka. A zuba da buta, a sa sabulu, bayan fita daga makewayi da kuma kafin cin abinci. Ɗumame kuwa ya yi zafi har cikinsa. Ke kuma uwa, jariri nononki kaɗai ya ishe shi har wata 6, ko ruwa ba ya bukata.

Na uku: maganin tire

Ciki ya murɗa, sai a kira mai tire a sayi kafso biyu. Irin wannan kafso ba ya bambanta mugu da nagari, duk kashewa yake yi. Kamar ka cinna wa rumbu wuta don ɓera ne. Maganin ciwon jiki kuma, irin aspirin da ibuprofen da diklofenak, in ana yawan shan su suna cin bangon tumbi har ya yi gyambo.

Mutane suna cewa yunwa da barkono ke kawo gyambon ciki. Suna dai tsananta zafinsa. A shekarar 1982 wasu likitoci biyu na ƙasar Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano wata ƙwayar cuta da ke zama cikin tumbi, ita ke haddasa yawancin gyambon. An ba su kyautar Nobel a 2005. Wannan albishir ne: gyambon ciki yana warkewa in likita ya auna ka, ka kuma shanye maganin har ƙarshe.

Na huɗu: halayenmu

Taba da giya suna ƙona tumbi. Shayi mai ɗaci da goro bisa yunwa suna tayar da ƙwannafi. Haka kwanciya da zarar an gama cin tuwo. Zama wuri guda yini cur, da rashin shan ruwa lokacin zafi, suna busar da bayan gida. Watan azumi, ka buɗe baki da dabino da ruwa da ɗan kunu, ka huta, sannan ka ci sauran.

In zawo ya zo

Abin da ke kisa shi ne ƙarewar ruwan jiki. Ka nemi ƙullin gishiri da sukari na gidan likita. In babu, ka zuba sukari cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin cokali, cikin lita 1 na tafasasshen ruwa da ya huce. A riƙa sha kaɗan-kaɗan, kada a daina ci, kada a hana yaro nono.

Amma in ka ga jini cikin bayan gida, ko ya yi baƙi ƙirin, ko amai da jini, ko rama ba dalili, ko yaro ya kasa sha, kada ka jira ranar kasuwa. Ku tafi likita yau.

Tambayoyi

1. Mi ƙwayoyin hanji masu kirki suke ci?
2. Don mi ba a son wanke hannu cikin kwano guda?
3. Wace ɓarna maganin tire yake yi wa ciki?
4. Rubuta abin da ka ci jiya tun safe har dare. Sau nawa ganye ya shiga?