AWON BUGUN JINI DA HASKE: BAYANI GA HAKIMAI DA MALAMANSU

Tun zamanin da likita ya kan ɗora yatsunsa a wuyan hannun majiyyaci don ya ƙidaya bugun jininsa. Yanzu kuwa akwai wata 'yar na'ura da a ke maƙalawa a yatsa, ta yi wannan aiki da haske. Ba ta huda fata, ba ta ɗibar jini.

Yadda Ta Ke Aiki

Duk sa'ad da zuciya ta buga, sai jini ya tunkuɗo cikin jijiyoyi, har ƙananan na yatsa su cika, sa'an nan su rage. Na'urar tana haska yatsa ta gefe guda, tana auna hasken da ya ratsa zuwa ɗaya gefen. In jini ya cika, hasken ya ragu; in ya janye, hasken ya ƙaru. Wannan hawa da sauka ne ta ke zanawa kamar igiyar ruwa. Cikin 1972 wani injiniyan Japan, Takuo Aoyagi, ya gano hanyar auna iskar oksijin ta cikin jini daga wannan bugu.

Abin Da Ta Ke Nunawa

1. Yawan bugu. Baligi mai hutawa ya kan yi 60 zuwa 100 a minti guda.
2. Daidaiton bugu. In yana tsalle ba tsari, a je ga likita, gama wani irinsa ya kan jawo shanyewar jiki.
3. Oksijin. Mai lafiya ya kan nuna 95 zuwa 100 bisa ɗari. In ya kasa 90, musamman ga yaro mai ciwon huhu, a kai shi babban asibiti ba da jinkiri ba.

Gargaɗi

Sanyin yatsa, da motsi, da jan farce, da baƙin ƙunshi su kan ɓata awo. Har wa yau, binciken Jami'ar Michigan ta Amurka na 2020 ya nuna na'urar ta fi yawan kuskure ga baƙar fata, watau ta nuna oksijin fiye da abin da ke akwai. Saboda haka wanda ke haki, ko numfashinsa ke sarƙewa, kada a tsare shi gida wai don lamba ta yi kyau.

Ana roƙon hakimai su karanta wa dagatai da masu unguwa wannan bayani, su kuma su sanar da jama'arsu, domin kowa ya miƙa yatsa ba da tsoro ba, a kuma hanzarta kai marar lafiya tun abin bai yi nisa ba.