Wasiƙa Ga Ɗan Ƙanena Mai Fasasshiyar Salansa

Ɗana, na rubuto wannan takarda a fili ne don abokan hawanka su ma su samu rabonsu, domin abin da ya dame ni a kanka shi ke damun iyayensu. Mahaifiyarka ta yi magana har bakinta ya gaji, ni kuwa in na aika a kira ka sai a ce ka fita. Abu uku nake son mu tattauna: lafiyarka, dukiyar gidanku, da haƙƙin jama'a.

Amma bari in fara da salansar nan, don ita ke hana ni barci. Wa ya gaya maka ƙara ita ce ƙarfi? Babur ɗin da mahaifinka ya kai bijimai kasuwar Illela ranar Lahadi ya sayar, ya saya maka don ka yi kabu-kabu, Bajaj ne ƙirar Indiya, injinsa sisi 100. An yi shi ne ya ɗauki mutum da buhun albasarsa, ya sha mai kaɗan, ya daɗe yana aiki. Kai kuma ka kai shi gareji aka zare hanjin salansa, aka taɓa kabureta, aka canza sifoket, ka kwance madubi wai yana tare maka iska. Injin da aka buɗe wa iska ba a daidaita masa mai ba zafi yake ɗauka, ya ƙone bawul, ya cinye fistin da ringi. Birki kuwa yana nan yadda kamfani ya auna shi da gudunsa na asali. Ka ƙara wa abu gudu, ba ka ƙara masa tsayawa ba.

Kun yi lissafi a makaranta, to ga aiki. Mai gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda, wato kafin ƙafarsa ta taɓa birki ya wuce gida biyu. In gudu ya ninka sau biyu, tazarar da birki ke bukata takan ninka sau huɗu. Titin nan da ya taso daga Sakkwato ya bi ta Kware da Gwadabawa ya faɗa Illela kuwa ba naku ba ne ku kaɗai. Akwai tirela, akwai raƙumi da jaki, akwai garken shanu ranar kasuwa, ga rairayin da hunturu ke shimfiɗawa a kan kwalta. A nan kuke ɗaga ƙafar gaba, wani ya kwanta rub-da-ciki a kan tanki, wani ya saki hannu, yara na ihu, ana ɗauka a waya.

Ɗana, ka manta a wane yanki muke zaune? Yau a gabashin Sakkwato, in tsohuwa ta ji rugugin babura cikin dare, ba biki ke zuwa mata a rai ba. Jikokinta take lalube a duhu, tana tunanin ta wace kafa za su fita. Saboda masu shigowa garuruwa a kan babura da bindiga ne gwamnatocin Zamfara da Katsina da Sakkwato suka taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da fetur a jarka a 2021, har talaka mai neman na tuwo ya sha wuya. Kwanan baya da kuka dawo daga rakiyar amarya bayan lisha, ku wajen goma kuna murza totur, akwai gidan da aka kwana zaune, akwai mai hawan jini da aka yi ta yi wa fifita har asuba. Ku kuna dariya. Wannan wasa ne? Tsoratar da Musulmi haramun ne ko da da raha, ka sani. Nasihar da Luƙman ya yi wa ɗansa ma ta haɗa da tsakaita tafiya da sassauta murya. Mu da muka kai ka makarantar allo ba mu zaci sai mun tuna maka wannan ba.

Lokacin da muke samari, babur a ƙasar nan ana ƙirga su da yatsu. Mai keken Raleigh ma attajiri ne. Akwai wani dattijon bakanike a Ƙonni, Allah ya jiƙansa, wanda har daga wannan ɓangaren iyaka ake tura masa Honda. Ba ya fara taɓa sifana. Sai ya ce a tayar, ya karkata kai ya saurara, ya ce maka ciwon na wuri kaza. In ya gama gyara, alfaharinsa shi ne babur ya wuce ta bayan masallaci ana salla ba a ji ba. Ya taɓa korar yaronsa kwana bakwai don ya murza totur a gaban wani malami. Haka muka san gwaninta. Ko sukuwar Sallah da muke mutuwar so, ai fili ake warewa, manya na tsaye, kuma mahayi ba ya samun yabo sai ya ja linzami doki ya tsaya cak a gaban sarki. Ku kuwa kun koyi saki, ba ku koyi kamu ba.

Na san inda kuke gani. Wayoyinku cike suke da Ferrari da Lamborghini masu aman wuta ta salansa, da 'ya'yan masu kuɗi da ke juya mota a titunan Abuja da Kano har taya ta yi hayaƙi, da tseren MotoGP. To bari in gaya maka abin da hoton ba ya nunawa. Baburan MotoGP suna wuce kilomita 350 a awa, amma a rufaffen fili, babu jaki babu ɗan talla. Mahayin yana cikin rigar fata mai jakar iska, da hular kwano, likitoci na jira a gefe da jirgi mai saukar ungulu. Duk da haka a 2011 Marco Simoncelli ya mutu a filin Sepang na Malesiya, yana da shekara 24. Tseren Faris zuwa Dakar, wanda karonsa na farko a 1979 ya ratsa Agadas da Yamai, ya ci mahaya, ya kuma ci 'yan ƙauyen da ba su san hawa ba balle sauka. A watan Disamba na 2017 ɗan shugaban ƙasa na lokacin, Yusuf Buhari, ya faɗi da babban babur a Gwarinpa ta Abuja, ya bugu a kai ya karye, har aka fitar da shi waje neman magani. Kai in ka faɗi, wa zai fitar da kai? Bayan a-kori-kura za a shimfiɗa ka a nufi asibitin koyarwa na Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko a tsallaka iyaka da kai asibitin Galmi, mahaifinka na bin gida-gida neman rance. Kai da ko hular kwano ba ka da ita, alhali tun 2009 jami'an kiyaye haɗurra ke fama da mutane a kanta.

Ka ga takarda ta kusa cika ban ma kai ga batun dukiya ba. A taƙaice, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kowace murza totur kuɗi ce, sabon babur kuma ya haura naira miliyan guda. In ka kashe wannan, babu sauran bijimi a turke.

Kada ka ɗauka ban ga baiwarka ba. Na ga yadda kake kwance inji ka mayar ba ka bar ƙusa ko ɗaya ba, kuma a gari mai iyaka kamar namu, inda babur ke kai mara lafiya asibiti ya kai amfanin gona kasuwa, bakanike mai amana ba ya kwana da yunwa. Ka mayar wa babur ɗin nan salansarsa da madubinsa kafin Juma'a, ka sayi hular kwano, sannan ka zo ka same ni. Na yi magana da wani mai gareji a Illela, ya yarda ya ɗauke ka, kuɗin kayan aiki kuma a wuyana. In ka ƙi, zan sa mahaifinka ya karɓe makullin, ko da za ka shekara ba ka gaishe ni ba.

Allah ya shirye ku, ya tsare ku daga ƙarfen nasara, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Wassalam.

Baffanka,
Gidan Katta, Illela.