Sokaratis, Allo da Wayar Hannu

'Yan uwana ɗalibai, mu nawa ne za mu iya faɗin lambar wayar babanmu da ka? Lambobi 11 ne kacal, amma da yawa sai an leƙa waya. Wannan matsala ta girmi waya nesa ba kusa ba.

A birnin Atens na ƙasar Girka an yi wani malami mai suna Sokaratis, wanda ya mutu shekara 399 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Bai bar littafi ko ɗaya ba. Almajirinsa Aflatun, wanda Turawa ke kira Plato, shi ya rubuta hirarrakinsa. A littafin Phaedrus, Sokaratis ya kawo wani labari na ƙasar Masar: wanda ya ƙirƙiro rubutu ya kai wa Sarki Tamus, ya ce ya samo maganin mantuwa. Sarki bai yarda ba. A ganinsa mutane za su dogara da abin da ke kan takarda, su daina wahalar da ƙwaƙwalwarsu, su riƙa jin sun sani alhali ba su sani ba.

Abin dariya, da Aflatun bai rubuta ba, da wannan gargaɗi bai iso Funtua ba. Don haka ni ban yarda da sarkin ɗari bisa ɗari ba.

Ku duba makarantar allo. Can ma rubutu ake yi da tawada, amma sai ɗalibi ya yi ta maimaitawa har ya haddace, ya biya wa malam, sannan a ba shi izinin wankewa. Karatun ya riga ya koma ka kafin ruwa ya taɓa allon. Waya kuwa allo ce da ba a wankewa. Yayyenmu kan ɗauki hoton darasi, ya kwanta cikin ɗaruruwan hotuna, hankalinsu ya kwanta kamar sun karanta. Wannan ne abin da Tamus ya ji tsoro.

Ranar jarrabawar kammala aji uku ba a shiga da waya. Haka in ka ɓace wa babanka a kasuwar Malumfashi, wani zai iya ara maka wayarsa, amma lambar kai za ka faɗa.

Ga gwaji na wannan mako. Ka rubuta darasi ɗaya da hannunka, ka kife takardar, ka biya wa abokinka. Wurin da ka kakare, ka buɗe ka sake dubawa, gobe da safe ka ƙara biyawa.